Digiri na uku a nazarin zamantakewa da kwamfuta, kan buɗaɗɗiyar manhaja: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa a bakin ɗaliban da suka fara, ko suke shirin fara, digirin digirgir a kan yadda mutane suke haɗuwa su gina manhaja a fili. Wasu sun fito daga sashen nazarin zamantakewa, gabansu na faɗuwa in an ambaci kod. Wasu kuma daga kimiyyar kwamfuta, suna ganin ka'idojin zamantakewa dogon surutu ne kawai. An fara da tambayoyin shiga, sannan aka gangara zuwa masu zurfi.

Mene ne nazarin zamantakewa da kwamfuta?

Tambayoyinsa tsofaffi ne: yaya mutane suke haɗa kai, wa ke da iko a kan wa, me ya sa wani ke shiga ƙungiya ya zauna wani kuma ya fice, ta ina labari ko ɗabi'a ke bi ta yaɗu. Kayan aikin ne suka canza. Mai bincike yana tattara sawun da mutane suka bari a intanet, irin su saƙonni da gyare-gyare da muhawarori, ya rubuta manhajar da za ta tace su, ta ƙirga su, ta zana dangantakar da ke tsakanin masu su. Wani lokaci kuma ya gina wata ƙaramar al'umma ta kwaikwayo a cikin kwamfuta, ya ba mazaunanta dokoki, ya zuba ido ya ga abin da zai fito.

Fannin ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Jacob Moreno yana zana taswirar abota tun shekarun 1930. Thomas Schelling ya buga samfurinsa na rarrabuwar unguwanni a 1971. Mark Granovetter ya nuna a 1973 cewa sau da yawa labarin gurbin aiki yana zuwa wa mutum ne daga wanda suka yi sanin shanu da shi, ba daga amininsa ba. Sai dai fannin ya kafu a matsayin mai cin gashin kansa bayan maƙalar da David Lazer da abokan aikinsa suka buga a mujallar Science a 2009.

Me ake nufi da buɗaɗɗiyar manhaja?

Manhaja ce da aka bayyana kod ɗinta, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi, tare da lasisin da ya ba kowa izinin ya yi amfani da ita, ya karanta yadda take aiki, ya canza ta, ya kuma raba wa wasu. Batun izini ne, kuma bai hana kasuwanci ba: kamfanin Red Hat, wanda ya ginu a kan Linux, wata buɗaɗɗiyar manhajar tafiyar da kwamfuta, IBM ya saye shi a 2019 a kan dala biliyan 34.

Akwai zare biyu a tarihinta, kuma za ka ci karo da su a bakin mutanen da za ka yi hira da su. Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU na gina manhajar tafiyar da kwamfuta mai 'yanci a 1983, ya kafa gidauniyarsa ta Free Software Foundation a 1985, aka fitar da lasisin GPL na farko a 1989. A wajensa magana ce ta 'yancin mai amfani da kwamfuta, magana ta daidai da ba daidai ba. A 1998 wasu suka fito da sabon suna, wato open source, da sabuwar ƙungiya, suna jaddada cewa aiki a fili yana haifar da manhaja mafi inganci, maganar da ta fi shiga kunnen kamfanoni. Lasisin ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne, amma in ka jingina wa ɗan wannan ɓangare aƙidar wancan, hirar ta lalace tun ba ta yi nisa ba.

Me ya haɗa masanin zamantakewa da masu rubuta manhaja?

Wata tsohuwar matsala ce ta haɗa su. Mancur Olson ya bayyana ta a 1965: idan kowa zai ci moriyar abu, ko ya sha wahalar samar da shi ko bai sha ba, mai lissafi zai naɗe hannu ya jira wasu su yi. In da wannan ne kaɗai gaskiyar ɗan Adam, da Linux bai wanzu ba. Amma Linus Torvalds ya fara shi a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, baƙin da ba su taɓa ganin juna ba suka riƙa aiko masa da gyara, yau kuma a kansa wayoyin Android suke tafiya, haka ma dukan manyan kwamfutoci 500 mafi sauri a duniya tun daga ƙarshen 2017.

An ba da amsoshi iri-iri. Josh Lerner da Jean Tirole sun ce a 2002 mai ba da gudummawa yana gina suna ne, sunan da zai kai shi ga aiki mai tsoka. Karim Lakhani da Robert Wolf sun tambayi masu aikin da kansu, suka tarar jin daɗin warware matsala na cikin manyan dalilai. Yochai Benkler ya ɗauki abin a matsayin wata hanya ta uku ta samar da kaya, wadda ba kasuwa ba, ba kuma umarnin shugaban kamfani ba. Wasu kuma suka koma ga Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009 saboda nazarin yadda al'ummomi ke kula da makiyaya da dazuzzuka da ruwan ban ruwa ba tare da sun cinye su ba. A yau ma hoton ya sake rikiɗa, domin mafi yawan gyaran da ke shiga zuciyar Linux, wato ginshiƙin kod ɗinsa, ma'aikatan kamfanoni ne ke yin sa da albashi.

A ganina inda tambayar ta fi ƙarfi shi ne nan: makiyaya tana ƙarewa in dabbobi sun yi mata yawa, amma manhaja ba ta raguwa don mutum miliyan sun sauke ta. Abin da ke ƙarewa shi ne lokaci da haƙurin mai kula da ita, wanda kowane sabon mai amfani ke ƙara masa ƙorafi da tambaya da buƙata. Wannan shi ne arzikin da ake ci, kuma shi ne wanda alƙaluma suka fi kasa nunawa. Duba amsar da ke magana kan aikin da ba ya barin sawu, da kuma ta wata manhaja mai suna xz.

Dole sai na iya rubuta kod kafin in fara?

Kafin ka fara, a'a. Kafin shekarar farko ta ƙare, e. Ka zaɓi harshen kod na Python ko R ka riƙe ɗaya da kyau, ka koyi SQL don tambayar manyan rumbunan bayanai, ka koyi Git, tsarin adana tarihin canje-canjen kod, har ya zauna maka a hannu. Ba a neman ka zama injiniya. Ana neman ka iya karanta abin da ka rubuta wata shida baya, ka kuma gane lokacin da sakamako ya yi kyau fiye da kima har ya kamata a yi zarginsa.

Wanda ya zo daga kimiyyar kwamfuta shi ma akwai bashi a kansa: ka'idojin zamantakewa, dabarun hira, da ƙididdigar gano sanadi. Ana gane kundin da aka rubuta ba tare da su ba tun daga babin farko, zane-zane masu kyau birjik amma ba tambaya.

A ina ake samo bayanan?

Babban tushe shi ne tarihin Git, tsarin da Torvalds ya rubuta a 2005 don adana kowane canji da aka yi wa kod. Sauke ma'ajiyar kowane aiki ka rubuta git log. Kowane gyara da aka adana, wanda ake kira komit, zai fito da sunan marubuci, da imel ɗinsa, da rana da awa har da tazarar agogon yankinsa, da 'yar bayanin da ya rubuta kan dalilin gyaran, da wata doguwar lamba da ke ɗaure shi da gyaran da ya gabace shi. Aikin da ya shekara ashirin yana iya zuwa kwamfutarka cikin mintuna, da sunan duk wanda ya taɓa sa masa hannu.

Bayan wannan akwai abin da ke kewaye da kod: rahotannin matsala, buƙatun a karɓi gyara da muhawarar da ta biyo bayansu, saƙonnin imel na masu aikin, takardun dokokin ƙungiya, sakamakon zaɓe. GitHub, dandalin ajiye kod a intanet wanda aka buɗe a 2008 kuma Microsoft ya saya a 2018 a kan dala biliyan 7.5, yana ba da waɗannan ta ƙofar API, wato hanyar da manhaja ke bi ta ɗauko bayanai kai tsaye. GH Archive yana adana abubuwan da suka faru a fili a GitHub tun 2011. Software Heritage, wanda cibiyar Inria ta Faransa ta ƙaddamar a 2016, yana tattara kod daga wurare da dama don kada ya ɓace. Rumbunan fakiti kamar npm da PyPI da CRAN kuma suna nuna wace manhaja ce ta dogara da wace.

Tunda bayanan suna da yawa haka, ai aikin ya zo da sauƙi?

A nan ne mafi yawan watanninka za su tafi. Ɗauki mutum ɗaya: yana aiki da imel na kamfani da rana, da nasa na kansa da dare, ya taɓa rubuta sunansa da baƙaƙen harshensu, daga baya ya koma laƙabi. A jadawalinka ya zama mutum huɗu, uku daga cikinsu kuma za su bayyana a matsayin waɗanda suka zo suka gudu. Wasu ayyukan suna da fayil mai suna .mailmap da ke haɗa irin waɗannan sunaye, da yawa ba su da shi. Sannan Git yana bambanta wanda ya rubuta gyara da wanda ya shigar da shi, in ka ɗauki wanda bai dace ba sai ka mai da mai tsaron ƙofa marubucin komai. Ga bot-bot, wato manhajoji masu aiki da kansu, irin su Dependabot, waɗanda ke aiko da gyara ba dare ba rana, in ba ka cire su ba su ne za su fito a matsayin mafi ƙwazon 'yan ƙungiya. Wasu ayyukan suna dunƙule gyare-gyare goma su zama ɗaya kafin su karɓa. Wasu an taso da su daga wani tsohon tsari, sai tarihin shekaru ya bayyana kamar mutum ɗaya ne ya rubuta shi a rana guda.

Eirini Kalliamvakou da abokan aikinta sun yi gargaɗi tun 2014 cewa mafi yawan ma'ajiyoyin GitHub na mutum ɗaya ne, da yawa ba a taɓa su, wasu ma ba manhaja ba ce a ciki. Zuciyar Linux kanta ta imel ake aika mata gyara, abin da ke GitHub kwafi ne. Wanda ya auna ta da yawan buƙatun GitHub zai ce ba a karɓar gyara a can ko kaɗan.

Yawan bayanai ba ya gyara karkata, yana dai sa ka ƙara sakankancewa da ita. Google Flu Trends ya yi ƙoƙarin hasashen yaɗuwar mura daga abin da mutane ke nema a intanet, ya yi suna, amma a farkon 2013 ƙiyasinsa ya ninka na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) fiye da sau biyu, aka rufe shi a 2015. Kafin ka gudanar da lissafi a kan ayyuka dubu goma, zauna ka karanta tarihin guda ashirin da idonka, layi bayan layi.

Wane aiki ne ba ya barin sawu, kuma yaya zan gan shi?

Karanta rahoton matsala a gane cewa maimaici ne a rufe shi. Amsa wa sabon shiga cikin ladabi tambayar da aka amsa sau ɗari. Sasanta mutum biyu da suka yi faɗa ta saƙon sirri. Fassara, shirya taro, neman tallafi, rubuta jagorar amfani. Duba gyaran wani na tsawon yini, a ƙarshe a ce ba za a karɓa ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai fito a ƙidayar komit, alhali su ne ke riƙe da aikin, kuma su ne ke gajiyar da masu kula har su ajiye.

Hanyar ganinsa ita ce magana da mutane da zama a cikinsu. Gabriella Coleman ta shafe shekaru tana bin 'yan Debian, masu haɗa wani nau'in Linux, a tarukansu da muhawarorinsu kafin ta rubuta a kansu. Ba lallai ka yi irin nata ba, amma hira da mutum goma sha biyar zuwa ashirin daga ayyukan da kake ƙirgawa za ta canza yadda kake karanta jadawalinka. Ka nuna wa mai kula da aiki zanen da ya ce ƙungiyarsa ta durƙushe a wata shekara, zai iya ce maka a shekarar ce suka ƙaura zuwa wata ma'ajiya. Ka kuma tuna lokacinsu shi ne abin da ya yi ƙaranci: taƙaita hirar, ka zo ka riga ka karanta abin da ke fili, ka mayar musu da sakamako in ka gama.

Me aka riga aka gano, don kada in maimaita?

Na farko, aikin a hannun 'yan kaɗan yake. Audris Mockus da Roy Fielding da James Herbsleb sun duba Apache, manhajar saba mai tafiyar da shafukan intanet, a farkon shekarun 2000, suka tarar mutum 15 ne suka yi fiye da kashi 80 cikin 100 na canje-canjen kod, ko da yake masu kawo rahoton matsala sun fi haka yawa sosai. Guilherme Avelino da abokan aikinsa sun auna mashahuran ayyuka 133 na GitHub a 2016, suna tambayar mutum nawa ne in sun tafi aikin zai tsaya, suka tarar a kusan kashi biyu cikin uku amsar ba ta wuce mutum biyu ba.

Na biyu, ƙofar da aka ce a buɗe take tana da masu gadi. Aaron Halfaker da abokan aikinsa sun nuna a 2013 cewa masu gyara Wikipedia ta Ingilishi sun fara raguwa bayan 2007, kuma kayan aikin da aka kawo don korar masu ɓarna suna cikin abin da ke soke gyaran sababbin shiga masu kyakkyawar niyya, su tafi ba su dawo ba. Josh Terrell da abokan aikinsa sun buga a 2017 cewa a GitHub an fi karɓar gyaran mata a jimlace, amma idan mace baƙuwa ce a aikin kuma ana iya gane jinsinta, karɓuwar tana sauka ƙasa da ta maza. Wannan binciken ya gano jinsi ne ta hanyar haɗa imel ɗin mutane da shafukansu na Google+, abin da ya kai mu ga tambayar izini a ƙasa.

Gaskiya ne waɗannan ayyuka ba su da shugaba?

Ba gaskiya ba ne. Kowa na iya kawo gyara, amma 'yan kaɗan ne ke da mabuɗin shigar da shi. Robert Michels ya ce tun 1911 kowace ƙungiya, komai son daidaitonta, ƙarshenta iko ya taru a hannun tsiraru. Aaron Shaw da Benjamin Mako Hill sun gwada wannan a kan shafukan wiki 683 a 2014, suka ga alamunsa: yayin da ƙungiya ke girma, samun muƙamin gudanarwa yana ƙara wuya ga na baya.

Abin sha'awar shi ne bambancin tsari. Debian, wanda aka kafa a 1993, yana da kundin tsarin mulki, yana zaɓen shugaba duk shekara. Python ya daɗe a ƙarƙashin wanda ya ƙirƙiro shi, Guido van Rossum, har ya sauka a Yulin 2018 bayan wata zazzafar muhawara kan ƙarin wata alama a harshen, aka maye gurbinsa da majalisar mutum biyar da ake zaɓa. Irin wannan sauyin mulki, mai kwanan wata a rubuce da bayanai kafinsa da bayansa, abin nema ne ga ɗalibin da ke son kwatanci mai ma'ana.

Me ya sa ake yawan ambaton xz a wannan fanni?

Domin harin ta mutane ya bi kafin ya kai ga kod. xz ƙaramar manhaja ce ta matse fayiloli, tana cikin kusan kowane Linux, kuma shekara da shekaru mutum ɗaya ne ke kula da ita a lokacinsa na hutu. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana kawo gyare-gyare masu amfani. A lokaci guda wasu sunaye suka riƙa matsa wa mai kula lamba, suna ƙorafin aiki ba ya tafiya, suna cewa ya nemi mataimaki. Ya ba Jia Tan amana. A farkon 2024 aka dasa ɓoyayyiyar ƙofa a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, wadda za ta iya ba maharin damar shiga sabobi ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa. Andres Freund, injiniya a Microsoft, shi ya bankaɗo ta a ƙarshen Maris na shekarar, bayan ya lura shiga ta SSH na cin ƙarfin kwamfuta fiye da yadda ya kamata, tana jinkiri na kusan rabin daƙiƙa.

Yanzu ka sa wannan tarihi a ma'aunin lafiyar aiki da aka saba amfani da shi. Masu kula sun tashi daga ɗaya zuwa biyu, gyara ya ƙaru, ana fitar da sababbin juyi. Duk alƙaluman za su ce xz ya warke, a daidai lokacin da ya fi shiga haɗari. Kafin wannan an ga manyan ramukan tsaro irin su Heartbleed a OpenSSL a 2014 da Log4Shell a Disambar 2021, duka a manhajojin da duniya ta dogara da su amma 'yan kaɗan ke riƙe da su. Wanda zai ƙirƙiro sabon ma'auni a kundinsa ya fara gwada shi a kan xz.

Na zana taswirar dangantaka, na ga abokan aiki suna kama da juna. Zan iya cewa suna tasiri a kan juna?

Ba da wannan kaɗai ba. Mutum biyu da ke aiki tare suka koma wani sabon harshen kod a wata ɗaya: ko ɗaya ya ja ɗaya, ko kuma tun asali irin ra'ayinsu ne ya haɗa su, ko kamfani ɗaya ne ke biyansu ya ba da umarni. Cosma Shalizi da Andrew Thomas sun nuna a 2011 cewa daga bayanan kallo zalla, raba tasiri da haɗuwar masu kama da juna ba ya yiwuwa sai da zato masu ƙarfi. Ka nemi wani abu da ya faɗo daga waje, kamar canjin doka a dandali ko sauyin mulki irin na Python da aka ambata a sama, ko kuma ka rubuta a fili cewa abin da ka samu tafiya tare ce.

Ka kuma yi tunani kan abin da layi tsakanin mutum biyu ke nufi. Sun taɓa fayil ɗaya da tazarar shekara biyar, wannan dangantaka ce? Manhajojin taswirar dangantaka irin su NetworkX da igraph da Gephi za su zana duk abin da ka ba su, ba za su tambaye ka ba.

Kwaikwayo da kwamfuta fa, yana da amfani?

Yana da shi in an san iyakarsa. Schelling ya nuna cewa ko da kowane mazauni yana son kaɗan ne kawai daga maƙwabtansa su zama irinsa, gari na iya rabewa gida biyu ba tare da kowa ya nufi haka ba. Irin wannan samfuri yana tabbatar da cewa wata ƙaramar doka ta isa ta haifar da babban sakamako. Ba ya tabbatar da cewa ita ce ta haifar da shi a zahiri. Cikin manhajojin gina irin wannan samfuri, NetLogo ya fi sauƙin farawa, Mesa kuma na masu Python ne.

Bayanan a fili suke. Ina buƙatar izinin wani?

Kana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka, ko da a ƙarshe zai ce aikinka bai kai ga cikakken bita ba. Amma kada ka tsaya a takardarsu. Wanda ya sa imel ɗinsa a komit ya sa ne don abokan aiki su same shi. Bai sa don wani ya haɗa shi da shafukansa na sada zumunta ya ƙiyasta jinsinsa, ko ya lissafa daren da ya kwana yana aiki, ko ya aiko masa da takardar tambayoyi tare da mutum dubu hamsin ba. Idan bayanan sun shafi mazauna Tarayyar Turai, dokar GDPR da ta fara aiki a Mayun 2018 tana ɗaukar suna da imel a matsayin bayanan mutum ko da a fili suke.

Goge suna ba ya wadatarwa. Kamfanin intanet na AOL ya saki tarihin binciken masu amfani kimanin 650,000 a 2006 da lambobi a maimakon sunaye, cikin 'yan kwanaki 'yan jarida suka gano wata mata daga abin da ta riƙa nema. A fanninmu abin ya fi sauƙi: ka kwafo jimla ɗaya daga muhawara kalma da kalma, duk mai injin nema zai kai ga marubucinta. In za ka kawo maganar mutum a kan rikici ko gajiya, ka nemi yardarsa, ko ka sake tsara ta yadda ba za a bi sawu ba, ka kuma faɗa a kundin cewa ka yi haka.

Zan iya yin gwaji a kan wani aiki ba tare da sun sani ba, don kada su canza hali?

Kada ka yi. Masu bincike a Jami'ar Minnesota sun aika wa masu kula da zuciyar Linux gyare-gyare masu ɗauke da kuskure da gangan, don su ga ko za a kama. Kwamitin jami'ar ya ɗauka ba bincike ne a kan mutane ba. A Afrilun 2021 masu kula suka haramta gudummawa daga jami'ar baki ɗaya, suka koma suna sake duba tsofaffin gyare-gyaren da suka fito daga can ɗaya bayan ɗaya, masu binciken kuma suka janye maƙalarsu suka nemi afuwa. Lokacin mutane aka ci, amanarsu aka taɓa, kuma duk ɗalibin da ya zo bayan nan da takardar tambayoyi ya tarar da fuska a ɗaure. In gwaji kake so, ka je wa shugabannin aikin da shi tun yana takarda, ku tsara tare.

Idan kamfani ya rufe ƙofar bayanai ina tsakiyar aiki fa?

Yana faruwa. Twitter ya daina ba da API kyauta a 2023, Meta ya rufe CrowdTangle, manhajar bibiyar abin da ke yaɗuwa a Facebook, a Agustan 2024, kundaye da dama suka tsaya cak. Tarihin Git ya fi aminci domin kwafinsa na hannunka, amma muhawarori da rahotanni a rumbun kamfani suke. Ka sauke da wuri, ka rubuta ranar da ka sauke, ka ajiye ɗanyen bayanan a wuri biyu ba tare da ka taɓa su ba, ka karanta sharuɗɗan dandalin kan abin da aka yarda ka sake rabawa.

Dole ne in saki nawa kod ɗin?

Wanda ke cin abinci daga aikin da wasu suka yi a fili, bai kamata ya ɓoye nasa ba. Akwai kuma dalilin ilimi. A 2013 wani ɗalibin digiri a Jami'ar Massachusetts Amherst, Thomas Herndon, ya kasa maimaita sakamakon maƙalar Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff ta 2010, wadda ta ce bunƙasar tattalin arziki na faɗuwa in bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa. Da suka aiko masa da jadawalinsu na Excel, sai ya ga lissafin ya tsallake ƙasashe biyar. 'Yan siyasa sun riga sun shekara uku suna kafa hujja da maƙalar.

A aikace: ka sa komai a Git tun ranar farko, ka rubuta juyin kowace manhaja da ka dogara da ita, ka tsara yadda umarni ɗaya zai ɗauko ɗanyen bayanai ya fitar da kowane zane da ke kundin. Ka ajiye kwafin ƙarshe a Zenodo, wanda CERN ke gudanarwa, ka samu lambar DOI, wato lambar dindindin da ake ambatonsa da ita. Ka sa lasisi, domin kod marar lasisi a doka ba wanda ke da izinin amfani da shi ko da yana fili. MIT da Apache 2.0 suna barin kowa ya yi kusan duk abin da ya ga dama, GPL kuma yana wajabta wa wanda ya rarraba abin da ya gina a kai ya bar shi a buɗe. Ka tambayi jami'arka wa ke da mallakar abin da ka rubuta. Bayanan mutane kuwa ba a sakinsu haka nan, koma ga amsar izini.

A ina ake buga irin wannan aiki?

Ya danganta da inda kake son zama bayan digiri, kuma gara ku yi wannan magana da malamin da ke duba aikinka tun shekara ta farko. Sassan zamantakewa suna daraja mujallu, inda maƙala ɗaya kan ɗauki shekara ko fiye kuma ana neman gudummawa ga ka'ida. Sassan kwamfuta suna daraja tarukan da ake tantance maƙalunsu, irin su MSR da CSCW da ICWSM. Taron IC2S2 yana haɗa ɓangarorin biyu, makarantar bazara ta SICSS kuma, wadda Chris Bail da Matthew Salganik suka fara a 2017, tana da darussanta a fili ga kowa. In malaminka ɗan ɓangare ɗaya ne, ka nemi na biyu daga ɗaya ɓangaren ya shiga kwamitinka.

Na rubuta ƙaramar manhaja don bincikena, wasu sun fara amfani da ita. Yaya zan yi da ita bayan na kare kundi?

Ka zama mai kula ke nan, da duk abin da aka faɗa a sama. Idan ta kai a kira ta kayan bincike, mujallar JOSS, wadda aka kafa a 2016, tana duba manhaja a fili ta ba ta maƙalar da za a iya ambata, hakan kuma zai sa wahalar ta shiga takardar neman aikinka. Daga nan ka yanke shawara tun kafin ranar kare kundi. In za ka ci gaba, ka rubuta a shafin farko abin da za ka gyara da abin da ba za ka taɓa ba, da tsawon lokacin da mai tambaya zai jira. In ba za ka iya ba, ka rubuta haka ƙarara, ka mai da ma'ajiyar ta karatu kawai, ka nuna wa mutane wata manhaja da ke yin irin aikin. In kuma za ka miƙa wa wani, ya zama wanda ka san aikinsa ta hanya fiye da ɗaya, ku yi wata biyu ko uku kuna duba gyaran juna kafin ka ba shi ikon fitar da sabon juyi da sunan aikin.